Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Ministan Harkokin Waje Kan Rikicin Zaɓen Kamaru (Disamba 2025)

Zuwa ga Mai Girma Ministan Harkokin Wajen Najeriya, Ambasada Yusuf Maitama Tuggar.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka. Ni tsohon malamin makaranta ne, na yi ritaya, ina zaune a Mubi. Ban taɓa riƙe muƙami ba, ban kuma taɓa taka ofishinka ba. Abin da ya ba ni ƙarfin halin rubuto maka shi ne na taɓa yin gudun hijira da ƙafafuna, kuma ƙasar da ta karɓe ni a lokacin ita ce yau take cikin halin da 'ya'yanta ka iya gudowa wajenmu.

Ran 29 ga Oktoba 2014 'yan Boko Haram suka shigo Mubi. Ba mu ɗauki komai ba sai abin da ke jikinmu. Ni da maiɗakina da yara biyar da mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, muka bi sahun jama'a muka nufi gabas ta wajen Sahuda, muna ratsa gonaki da duwatsu. Tsohuwa ba ta iya sauri, wani wurin goya ta na yi. Da muka faɗa wani ƙauye a ɓangaren Kamaru ƙafafunta sun kumbura har zanenta ba ya rufe su. Wani magidanci da bai taɓa ganinmu ba ya fito ya dube mu, ya koma ciki ya kwashe kayan da ke zaurensa, ya shimfiɗa mana tabarmi. Matarsa ta ɗora ruwa a wuta ta zauna tana gasa wa mahaifiyata ƙafa kamar ita ta haife ta. Hausarsa kaɗan ce, Fulatancina ma haka, amma mun fahimci juna. Lokacin kaka ne, ya buɗe rumbunsa na sabuwar dawa, muka ci tare da iyalinsa har aka ƙwato Mubi. Bai tambaye ni takarda ba. Bai tambaye ni jam'iyyar da nake yi ba. Da zan tafi na miƙa masa ɗan abin da ya rage a aljihuna, ya ɓata rai ya mayar mini.

Bashin da ke wuyana ke nan, kuma ba ni kaɗai ba ne. Dubban mutanen Mubi da Michika da Madagali da Gwoza da Bama suna da irin wannan labari. Har gobe sansanin Minawao da ke kusa da Mokolo, wanda aka buɗe a 2013, yana ɗauke da 'yan Najeriya sama da 70,000.

Ranka ya daɗe, ka fi ni sanin abin da ya faru a can, amma bari in faɗe shi yadda muke ganinsa daga bakin iyaka. An yi zaɓe ran 12 ga Oktoba 2025 bayan an hana babban ɗan adawa Maurice Kamto tsayawa. Issa Tchiroma Bakary, ɗan Garwa, wanda ya ajiye muƙamin minista a watan Yuni, ya ce shi ya ci. Ran 27 ga Oktoba majalisar tsarin mulki ta ce Shugaba Paul Biya ya samu kashi 53.66 cikin ɗari, Tchiroma kuma 35.19. Aka fito zanga-zanga a Duwala da Garwa da Marwa da wasu garuruwa, aka yi harbi, aka rasa rayuka, aka kama ɗaruruwan mutane. Gwamnatin ƙasar da bakinta ta amsa cewa an mutu kuma an yi kame. Ran 6 ga Nuwamba aka rantsar da Biya a wa'adi na takwas, yana da shekara 92, ranar da ya cika shekara 43 cif a kan mulki. A farkon wannan wata na Disamba kuma Anicet Ekane, dattijon ɗan adawa da ya mara wa Tchiroma baya, ya rasu a tsare.

Yanzu tituna sun lafa, motoci suna tafiya, shanu suna shigowa kasuwar Mubi kamar da. Wanda ke Abuja zai iya cewa magana ta wuce. Mu da muke shan shayi da fataken Garwa da Gidar mun san ba ta wuce ba. Matasan arewacin Kamaru sun yi imani an ƙwace musu abin da suka zaɓa, ko gaskiya ne ko ba gaskiya ba, haka suka yarda, kuma babu wanda ya zauna ya nuna musu takardun rumfunan zaɓe ɗaya bayan ɗaya don ya gamsar da su. Ga zaɓen 'yan majalisa da na ƙananan hukumomi da aka ɗage zuwa 2026 yana tafe. Ga kuma maganar da kowa ke yi a ɓoye: rai a hannun Allah yake, yaro ma yana mutuwa, amma shugaban ƙasa ya haura 90, shugaban majalisar dattawa da tsarin mulki ya ce shi zai riƙe ƙasa in ta Allah ta kasance shi ma ya haura 90. Ƙasar da muke da iyakar kusan kilomita 2,000 da ita, daga tafkin Cadi har teku, ba ta san wanda zai gaji kujerar ba. Dole wannan ya hana maƙwabci barci.

Ba na roƙon Najeriya ta ce wane ne ya ci zaɓe. Ba hurumimmu ba ne, kuma mu ma namu zaɓukan ba su tsira daga ƙorafi ba. Roƙona na farko, wanda ya fi kowanne nauyi a zuciyata, shi ne gwamnati ta fito fili ta ce duk wanda ya ƙetaro yana neman tsira da ransa ba za a kora shi ba, ba kuma za a damƙa shi ga wanda ya gudo dominsa ba.

Ina da dalilin neman a faɗa da baki. A watan Janairun 2018 jami'an tsaron Najeriya sun kama Sisiku Ayuk Tabe da abokansa, jagororin 'yan awaren yankin masu Turancin Ingilishi, a wani otal a Abuja. Kafin watan ya ƙare aka ɗora mutum 47 a jirgi aka miƙa su Yawunde, alhali da yawansu sun riga sun nemi mafaka a hukumance. Hukumar kula da 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi tir da abin. A Maris na 2019 Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta yanke cewa abin da aka yi ya saɓa doka. Hukuncin bai dawo da kowa ba, domin a Agustan shekarar kotun soja a Yawunde ta ɗaure Ayuk Tabe da wasu tara rai-da-rai. Ni ba na goyon bayan raba Kamaru, kamar yadda ba na goyon bayan raba Najeriya. Amma wanda ya shigo gidanka ya ce ka ɓoye ni, in yana da laifi akwai kotu, akwai hanyar da doka ta shimfiɗa ta miƙa mai laifi. Ba a kama shi da dare a tura ƙeyarsa.

Kuma ka duba yadda Allah ke juya al'amura. Ministan da ya tsaya gaban 'yan jarida a Yawunde a 2018 ya sanar da cewa mutum 47 ɗin nan sun shiga hannu, shi ne Issa Tchiroma Bakary. Shekara bakwai bayan haka shi kansa ya bar gidansa na Garwa ya fita neman inda zai fake, har gwamnatin Gambiya ta sanar cewa yana ƙasarta tun 7 ga Nuwamba bisa dalilan jinƙai. Ban kawo wannan don in yi masa dariya ba, wallahi tausayi ya ba ni. Na kawo shi ne don a ga cewa dokar ba da mafaka ba ta ɗan adawa ba ce shi kaɗai. Wanda ke kan kujera yau a Yawunde, da ministansa, da kwamandansa, kowannensu zai iya wayar gari yana buƙatarta.

Najeriya ta daɗe da sanin yadda ake sauke manyan baƙi. Felix Malloum na Cadi ya yi shekaru fiye da 20 a ƙasar nan. Siad Barre na Somaliya a Legas ya rasu a 1995. Charles Taylor ya zauna a Kalaba daga 2003 zuwa 2006. Bello Bouba Maigari, da ya tsaya takara a wannan zaɓen, nan ya fake bayan yunƙurin juyin mulkin Afrilun 1984. Ko a 'yan kwanakin nan, da sojoji suka karɓe mulki a Gini Bisau kafin a faɗi sakamakon zaɓe, ofishin jakadancinmu ne ya ba ɗan takarar adawa Fernando Dias mafaka, kuma na yaba da wannan ƙwarai. To amma babban mutum ba ya rasa jirgi da masauki. Wanda nake jin tsoro dominsa shi ne ɗan acaɓan Garwa da aka ɗauki hotonsa a zanga-zanga, da malamin makarantar da ya yi wa jam'iyya wakilci a rumfar zaɓe, da matar da za ta goyo jariri ta riƙo biyu ta ratso daji zuwa Belel ko Gurin ko Sahuda. Su ba a kiran taron 'yan jarida dominsu. Wanda za su fara gamuwa da shi ɗan sanda ne ko jami'in shige da fice ko soja a shingen hanya, kuma abin da wannan jami'i zai yi ya danganta da umarnin da ya zo masa daga sama. In babu umarni, zai yi abin da ya ga dama.

Dokar tana nan, ba sabuwa nake nema ba. Yarjejeniyar da ƙasashen Afirka suka sa wa hannu a Adis Ababa a 1969, wadda Najeriya da Kamaru duk suna ciki, ta ɗauki wanda ya gudu saboda hargitsin da ya dagula zaman lafiyar ƙasarsa a matsayin ɗan gudun hijira, ta hana a kore shi daga bakin iyaka. Akwai wani sashe nata da nake ganin an rubuta shi ne domin irin wannan rana: ta ce ba da mafaka aikin jinƙai ne da zaman lafiya, kada wata ƙasa ta ɗauke shi a matsayin gaba. Ta kuma hana wanda aka ba mafaka ya mai da masaukinsa sansanin kai hari ga ƙasarsa. Ke nan kana da abin da za ka faɗa wa takwaranka na Yawunde ba tare da an ɓata ba: za mu karɓi mutanenku, ba za mu bari a ɗauki makami daga ƙasarmu a kanku ba, ku ma kada ku nemi mu miƙo wanda kotu ba ta ce a miƙa ba.

Na san za a ce ai Kamaru ma ta kori namu. Gaskiya ne. Ƙungiyar Human Rights Watch ta ce daga 2015 zuwa 2017 an tiso ƙeyar 'yan Najeriya kimanin 100,000, kuma a Janairun 2019 an mayar da dubban mutanen Rann cikin haɗarin da suka gudo daga gare shi. Mun ga wasu da idonmu ana sauke su a Sahuda. Zafin wannan yana nan. Sai dai wanda ya kore su daban, wanda ya buɗe mana rumbu daban, kuma na biyun ne zai zo ƙofarmu.

Roƙona na biyu shiri ne, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Tun 2017 mutanen yankin masu Turancin Ingilishi suke kwararowa Kuros Riba da Binuwai da Taraba da Akwa Ibom, sun haura 70,000, kuma a farkon zuwansu talakawan ƙauyuka ne suka ɗauki nauyin kafin a kafa matsugunai irin na Adagom a Ogoja. Mu ma a nan Adamawa ta arewa muna tare da 'yan Kamaru da hare-haren Boko Haram suka koro 'yan shekarun nan. A Disambar 2021 faɗa kan ruwa tsakanin makiyayan Larabawan Shuwa da masuntan Musgum ya kai Kusiri, cikin 'yan kwanaki dubun-dubatar mutane suka haye kogi zuwa Cadi. Haka abin yake zuwa, dare ɗaya. Ƙauyukanmu na bakin iyaka rijiyar burtsatse ɗaya ce ke shayar da gari, asibitin sha-ka-tafi ba magani, ajin firamare yara sun yi masa yawa. Jama'a za su karɓi baƙi, wannan ba na shakka, amma tsadar abinci ta riga ta karya ƙarfin magidanta. Ina roƙon ma'aikatarka ta zaunar da hukumar 'yan gudun hijira ta ƙasa da hukumar agajin gaggawa ta NEMA da gwamnatocin Adamawa da Borno da Taraba tun yanzu, a san inda za a yi rajista, inda za a sauke mutane nesa kaɗan da iyaka, wanda zai kawo ruwa da allurar rigakafi, a kuma sa hakimai da masu unguwanni a ciki, tunda su ne za a fara ƙwanƙwasa wa ƙofa. Rajistar ma ita ce maganin fargabar da jami'an tsaro ke yi ta cewa miyagu za su saje da masu gudu. Wanda aka rubuta sunansa aka san masaukinsa ya fi sauƙin sa ido a kan wanda aka kora ya shigo ta bayan dutse.

Sai maganar da ta fi wuya, wato magana da Yawunde kanta. Kamaru ba ta cikin ECOWAS, saboda haka abin da aka yi a Gambiya a 2017, lokacin da Shugaba Buhari, Allah ya jiƙansa, ya je Banjul tare da takwarorinsa har Yahya Jammeh, da ya faɗi zaɓe ya ƙi sauka, ya bar ƙasar ran 21 ga Janairu, ba zai yiwu a nan ba. Ko a can ɗin ma sai da mutane wajen 45,000 suka tsallaka Sanagal kafin a daidaita. Ƙungiyar ƙasashen tsakiyar Afirka da Kamaru ke ciki kuwa, yawancin shugabanninta ba masu son a ɗaga maganar daɗewa kan mulki ba ne. In Najeriya ba ta yi magana ba, ban ga wanda zai yi ba.

Kuma ƙofofin suna nan a buɗe. Ƙasashen nan biyu sun taɓa kai wa bakin yaƙi kan Bakassi, amma bayan hukuncin Kotun Duniya na 10 ga Oktoba 2002 Obasanjo da Biya suka zauna da Kofi Annan, aka kafa hukumar haɗin gwiwa ta shata iyaka, aka sa hannu a yarjejeniyar Greentree a 2006, aka miƙa yankin a 2008 zamanin Shugaba 'Yar'aduwa. Shugaba Biya da kansa ya san Najeriya ta cika alkawarin da ya yi mata ɗaci. Wannan mutunci ne da za a iya cin moriyarsa yau. Muna zama tare a Hukumar Tafkin Cadi tun 1964, sojojinmu suna yaƙi kafaɗa da kafaɗa a rundunar haɗin gwiwa. Ko madatsar ruwa ta Lagdo za a buɗe, ma'aikatarka ake rubuto wa don mutanen Yola da Makurɗi da Lakwaja su shirya, domin an ga abin da ambaliyar 2012 da ta 2022 suka yi. Maƙwabtan da suka saba gargaɗin juna kan ruwa ba za su kasa faɗa wa juna gaskiya kan rayukan mutane ba.

Abin da za a faɗa ba mai yawa ba ne. A saki waɗanda aka kama don sun fito zanga-zanga kawai, wanda ake zargi da ƙone-ƙone a kai shi kotun farar hula. A binciki yadda aka rasa rayuka. A zauna da 'yan adawa kan yadda za a riƙa bayyana sakamakon kowace rumfa kafin zaɓen 2026. A kuma kare 'yan Najeriya da ke can, 'yan kasuwar Duwala da Kumba, da mutanen unguwar Hausawa ta Birketiri a Yawunde, da na Minawao, kada fushin siyasa ya sauka a kansu.

Abu ɗaya nake roƙon a guje masa ko da wasa, shi ne rufe iyaka. Mun ga abin da ya faru da Nijar bayan juyin mulkin 2023. Aka rufe iyaka, aka yanke wuta, aka yi barazanar yaƙi. Sojojin Yamai ba su gusa ba, mutanen Illela da Ƙonni da Jibiya da Maraɗi ne suka sha wuya, ƙarshe Nijar ta fice daga ECOWAS. 'Yan Najeriyar da suka fara samun ganin shugaban sojojin, Janar Tchiani, a lokacin su ne Khalifa Muhammadu Sanusi na II da tawagar malamai, ba masu barazana ba. Kai da kanka ka je Yamai daga baya kana ɗinke abin da ya yage, saboda haka ba sai na tuna maka ba.

A nan ma akwai irin wannan hanya. Garwa da Gaundare da Tibati da Banyo da Rai Buba duk a ƙarƙashin tutar Modibbo Adama suke tun kafin Jamusawa da Turawan Ingila su ja layi. Mubin da nake zaune, ƙuri'ar raba gardama ta Fabrairun 1961 ce ta sa ta zama Najeriya, ta zama hedikwatar lardin Sardauna. Da ƙuri'ar ta juya, da ni ma yau ɗan Kamaru ne. Lamiɗon Adamawa da Sarkin Mubi da Shehun Borno suna da 'yan'uwa da surukai da almajirai a can. Na san da yawa daga sarakunan arewacin Kamaru suna kusa da jam'iyya mai mulki, matasa kuma ba sa jin maganarsu kamar da. Duk da haka kusancin nan nasu shi ne zai sa saƙo ya isa fadar shugaban ƙasa ba tare da an ji kunya ba. A nemi shawararsu, a tura su, tare da malamai da limaman coci na ɓangarorin biyu.

Ranka ya daɗe, mutumin da ya sauke mu a 2014 ya rasu shekara uku da suka wuce, na je gaisuwa. Babban ɗansa yana kawo shanu kasuwar Mubi, kuma ba ya komawa sai ya biyo ya gaishe ni. Zuwansa na bayan nan, bayan mun ci abinci, ya yi shiru can ya ce, “Baba, in abin nan ya sake tashi, za a bar mu mu shigo da yara?” Na ce masa ɗakunan gidana uku ne, biyu nasa ne. Ya yi godiya, amma ni da shi mun san ba gidana yake tambaya ba, shingen da ke kan hanya yake tambaya, kuma wannan ba ni da amsarsa. Ina roƙonka ka ba da ita a fili, a rediyo, da Hausa da Fulatanci, yadda shi da jami'in da ke tsaye a shingen za su ji a lokaci ɗaya.

Allah ya taimake ka a kan wannan aiki, ya zaunar da ƙasashenmu biyu lafiya.

Wassalam.

Naka,
Tsohon malamin makaranta,
Mubi, Jihar Adamawa.
Disamba 2025.